Waɗanda suka taɓa ganin gawar waliyyi ido da ido, ku ba mu labari

Uwar Zumunta, Kafanchan: Salama 'yan'uwa. Muna shirin tafiya ziyara Faransa, kuma an ce za a kai mu wurin gawar Waliyyiya Bernadette. Maƙwabciyata ta ce kakin zuma ne kawai aka sassaƙa. Waɗanda suka je, me kuka gani?

Malama mai ritaya, Jos: Mama, ki fara sanin cewa ba a Lourdes, garin haihuwarta, take ba, tana garin Nevers, a gidan sistocin da ta rasu a 1879. Tana kwance cikin akwatin gilashi, sanye da baƙaƙen kayan sista, kanta ya ɗan karkata gefe. Abin da ya fi ba ni mamaki ƙanƙantarta, kamar yarinyar da ba ta gama firamare ba. Maƙwabciyarki tana da rabin gaskiya. Sau uku aka tone ta, 1909, 1919 da 1925, likitoci na tsaye, aka tarar jikin bai ruɓe ba amma fatar ta yi duhu. Shi ya sa aka lulluɓe fuska da hannuwa da kaki siriri. Ba a ɓoye wa kowa wannan. Ni dai na durƙusa, addu'ar da na shirya ta ɓace min, sai hawaye.

Ɗalibi a Italiya: Ni Carlo Acutis na gani a Assisi, yaron da sankarar jini ta kashe a 2006 yana shekara 15. Wandon jins ne a jikinsa da kambas. Bishop ɗin garin da kansa ya faɗa a 2020 cewa jikin ya lalace kamar na kowa, gyara shi aka yi. Duk da haka layi har waje, yawanci matasa. Gaskiya ni ban ji wani abu na musamman ba, turereniya ta yi yawa.

Baba Katikis, Zonkwa: Ɗana, ba laifi ba ne. Rashin ruɓewa ba shi ke sa a kira mutum waliyyi ba, rayuwarsa ake bincike. Ga Carlo, Paparoma Leo na 14 ya ayyana shi waliyyi a 2025. Kuma sujada ta Allah ce kaɗai, su girmamawa muke musu. Mama, ki karanta wa maƙwabciyarki 2 Sarakuna 13:21, inda gawa ta taɓa ƙasusuwan Elisha ta tashi, da Ayyukan Manzanni 19:12.

Ɗan kasuwa, Anaca: Ni ko fasfo ban nema ba. Ƙasusuwan Fada Tansi, fada ɗan Najeriya, suna nan Anaca a babban cocin Holy Trinity. A Ingila ya rasu a 1964, daga baya aka dawo da shi gida. Na ga mata suna goga rosari da hankici a wurin su koma da su gida.

Baba Katikis: Wannan ya halatta. Amma duk wanda ya ce zai sayar muku da ƙashi ko gashin waliyyi a intanet, ku guje shi, dokar Ikilisiya ta haramta cinikin.

Malama mai ritaya: Mama, ku tambayi mai shirya tafiyar da kyau. Daga Paris zuwa Nevers kusan awa biyu ne a jirgin ƙasa, amma daga Lourdes tafiyar yini ce. Namu ya so ya tsallake ta, sai da muka kafe.