"Adresse MAC": me za mu ce mata da Hausa?

Mai sayar da tikitin wifi a Yamai: 'Yan uwa, kullum sai na yi bayanin abin nan. Mutum ya sayi tikiti, ya ba ƙanensa lambar, ta ƙi aiki, saboda na'urar MikroTik mai rarraba wifi ta ɗaure tikitin da adresse MAC ta wayar farko, wato lambar da wifi ke gane waya da ita. Ina son kalmar da ko Hajiya mai waina za ta gane.

Mai gyaran waya: Lambar ƙira. Tun a masana'anta ake sa ta.

Mai tikiti: Maigida, wa ke sa ƙugiyar ƙ a WhatsApp? Za a karanta "lambar kira", a turo mini lambar tarho.

Malamin makaranta daga Tawa: Ni tsaga na so. Lambar alamomi 12 ce, daga 0 zuwa 9 da A zuwa F, biyu-biyu gida shida. A al'ada gida ukun farko na kamfanin da ya ƙera ne, IEEE, ƙungiyar injiniyoyin lantarki ta duniya, ke ba shi su. Ka ga tana faɗin dangi, kamar tsagar Gobirawa. Kuma sai na kusa ke ganinta: ba ta ƙetare rutar gida, wato na'urar da ke haɗa gidan da intanet. Shafin intanet na Faransa da ka buɗe, adireshin IP yake gani, wato lambar da ake aiko maka saƙo da ita a intanet.

Mai gyara: Malam, da kyau, amma tsaga ta dangi ce duka, wannan kuwa ta mutum ɗaya. Ba ma ta wayar ba ce, ta kowace kafar sadarwa ce: wifi da tata, Bluetooth da tata. Kada kuma a haɗa ta da IMEI, lambar shaidar waya mai lambobi 15.

Malami: To a bar "adireshi" a ciki, don aikinta ke nan. Ruta na tambayar kowa a gidan, "wa ke da IP kaza?", mai shi ya amsa da MAC ɗinsa, sannan a miƙa masa saƙo. Sai mu ce adireshin asali. IP kuwa adireshin masauki, tunda duk inda ka sauka sabo ake ba ka.

Mai tikiti: Saura ɗaya. Tun Android 10 a 2019 da iOS 14 a 2020, wayoyi na ƙirƙiro wata MAC ta daban ga kowane wifi don kada a bi sawunsu. Ita ke kashe wa wasu tikiti idan ta sauya.

Mai gyara: Wannan adireshin aro ne. Ka ce su shiga saitin wifi ɗinka, su kashe na aro, su koma na asali.

Mai tikiti: Madalla. Haka zan rubuta a allon shago.