Musayar waƙa kan zanen Turner na birnin Fenis

Malam Mai Zane:
Ga zanen fentin ruwa da Turner, mai zane ɗan Ingila, ya yi a 1819, a zuwansa na farko Fenis ta Italiya: cocin San Giorgio Maggiore da sassafe. Yana ajiye a gidan adana zane-zane na Tate, a Landan. Na buɗe fage.

Ku dubi birni zaune a bisa ruwa,
Gini da inuwarsa babu rabuwa,
Hasumiya ta yi shuɗi tana dusashewa,
Ni nan na karanta alamar faɗuwa.
A 1797 Napoliyon ya zo da rushewa,
Jamhuriyar Fenis mai shekara dubu ta kai ƙarewa,
Turner ya tarar akalar birnin Ostiriya ke juyawa,
Shi ya sa launinsa ke ta narkewa.

Ɗalibar Launi:
Malam, gafarta, ni ban ga makoki ba,
Rawayan sararin nan bai zam na magariba ba,
Hasken da ke ratso shi ba farin fenti ba,
Takarda ce ke leƙowa, bai rufe ta ba.
Wanda ya bar wa haske fili haka,
Wallahi bai zo jana'iza ba.

Baba Dattijo:
'Ya'yana, birnin nan ku leƙa ƙarƙashinsa,
Turakun itace cikin laka ne tushensa,
Ruwa ya kawo masa fatake da arzikinsa,
Ya zame masa ganuwa gaban maƙiyansa.
A 1966 shi ne ya haye kansa,
Santimita 194, ya shanye dandalinsa.
Turner ma da ruwa ya dama launinsa,
In ya yi yawa ya ɓata, in ya gaza ya ƙi aikinsa.
Ruwan nan nake kallo, ba hasumiyarsa.

Malam Mai Zane:
Baba, ka ƙarfafe ni da wannan batu,
Gishiri na cin bulo, gini na jigatu,
Layin da ya raba sama da ruwa bai tsayu ba, bai ganu,
Birnin da ba iyaka gare shi, ta ina zai tsaru?

Ɗalibar Launi:
Malam, birnin nan har yau bai nutse ba,
A 2020 MOSE, shingen tare ruwan teku, ya tashi, ambaliya ba ta shige ba.
Turner ya dawo a 1833, bai ƙoshi ba,
Ya sake a 1840, hannunsa bai gaji ba.
Wa ke komawa kabari da akwatin launi
Har sau biyu? Ba ka amsa mini wannan ba.