Wai ƙara tana lalata kunne da gaske?

Mai tambaya: Salam jama'a. Gidanmu bakin titi yake, ga hon ɗin motoci ga janareto har dare, yanzu kunnena yana min wani shiiii in na kwanta. Illa ce ko zan saba?

Amsa 1: Wslm. Ɗan'uwa kunne ba ya sabawa fa, kai ne kawai kake daina lura. Ƙarar da ta kai desibel 85 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti) in kana shanta awa 8 kullum tana kashe ƙananan gashin da ke can cikin kunne, kuma in sun mutu shikenan ba sa sake tsirowa. Je ka a auna jinka.

Amsa 2: Ba kunne kaɗai ba wlh, ko kana barci jiki yana ji, zuciya ta dinga bugawa da sauri, a hankali sai hawan jini. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) ta ce ƙarar titi da dare kar ta wuce desibel 45.

Amsa 3: Ni dabbobi ma nake tausayawa. Tsuntsayen birni sai sun ɗaga murya kafin mace ta ji kiransu, mujiya kuma da kunne take farautar ɓera, ƙara ta yi yawa ta kwana da yunwa. Har dabbar dolfin a teku injin jiragen ruwa yana rikita ta.

Mai tambaya: Toh fa. Audugar kunne tana taimakawa?