Wa ya kashe Star Wars Holiday Special, George Lucas ko ƴan talabijin?

Mai Editin: Jama'a ni fa na gaji da yadda ake wanke George Lucas, wanda ya ƙirƙiro Star Wars, a maganar Star Wars Holiday Special. Wanda bai sani ba, shiri ne na musamman na bukukuwan ƙarshen shekara da tashar CBS ta Amurka ta haska ran 17 ga Nuwamba 1978, sau ɗaya tak, ba ta sake sa shi ba kuma har yau ba a fitar da shi kasuwa ba. Kowa sai ya ce ai ƴan talabijin ne suka ɓata masa, ni kuma na ce shi ya kashe abinsa tun kafin a kunna kyamara.

Anti Babba: Haba ƙanina, mutumin da ba shi ya rubuta ba kuma ba shi ne darakta ba? Su Bruce Vilanch da Pat Proft da Mitzie Welch ne suka rubuta, mutanen barkwanci da waƙe-waƙen talabijin, shi a lokacin hankalinsa na kan fim ɗin Star Wars na biyu, The Empire Strikes Back, da ya fito 1980.

Mai Editin: To Anti wa ya kawo shawarar a ɗora labarin kan iyalin Chewbacca, ƙaton nan mai gashi ɗan jinsin Wookiee, abokin jarumi Han Solo? Shi ne fa. Matarsa Malla da babansa Itchy da ɗansa Lumpy suna zaune a gida a duniyarsu Kashyyyk suna jiran ya dawo bikin Life Day, kuma dukkansu ba mai magana sai gurnani, kusan minti goma a farkon shirin ba ka jin kalma ɗaya ta ɗan adam kuma ko fassara ba a rubuta a ƙasa ba, yaro na yawo da ƙiriniya uwa na kicin da atamfar girki a gaba tsoho na kan kujera yana sassaƙa, kai kuma ka zuba ido kana jiran Han Solo. Ka ba marubucin barkwanci jarumai uku da ba sa magana ka ce ya cike shirin awa biyu, me kike so ya yi? Dole ya nemo abin toshe rami.

Ɗan Sabongari: Oga abin toshe ramin ai shi ne bala'in 😂 Harvey Korman ya yi shigar mata da hannu huɗu yana koyar da girki, Jefferson Starship suna kiɗa a cikin wani ɗan akwati, ga wurin da aka sa wa tsoho Itchy na'ura a ka yana kallon Diahann Carroll tana masa rangwaɗa, a shirin da yara ke kallo fa. Wannan ma Lucas ne ya ce a yi?

Mai Editin: Bai ce ba, amma bai hana ba.

Malam Na Kyamara: Ku bari in sa baki. Duk kun tsaya kan rubutu kun manta lokeshan. David Acomba ne daraktan farko, ya ɗauki wasu sina-sinai ya ajiye aikin, aka kira Steve Binder wanda ya yi wa Elvis shirinsa na 1968 ya zo ya ƙarasa, ya tarar an gina set an gama kastin ba abin da zai canza. Sannan a kaset ɗin bidiyo aka ɗauka, ba da fim irin na silima ba, shi ya sa hasken ya fito fayau komai ya zama kamar na roba. Stan Winston ne ya yi fuskokin iyalin, ba ƙaramin gwani ba ne, amma ka sa mutum cikin rigar gashi tun daga ka har ƙafa a ƙarƙashin fitilun situdiyo, zafi kaɗai ya ishe shi bare aktin.

Anti Babba: Yauwa Malam. Kuma ku dubi katun ɗin da ke ciki wanda kamfanin Nelvana na Kanada ya zana, nan aka fara ganin Boba Fett, mai farautar mutane don lada, a allo, shi kaɗai Disney+ ta yarda ta saka a 2021. Inda ɓangaren Lucas suka sa ido ai abu ya yi kyau.

Mai Editin: Anti kin ba ni hujja da bakinki wlh. Kenan ya san inda zai sa ido, ya sa a minti tara na katun ya bar sauran a hannun mutanen da ba su san Wookiee ba. Sunansa da jarumansa ya bayar, Mark Hamill da Harrison Ford da Carrie Fisher duk sun fito, wanda ya ba da aron riga bai bi sawu ba kar ya yi kuka in ta dawo da manja.

Ƴar Zinder: Ni dai ku yi ta faɗanku amma kar wanda ya taɓa min Bea Arthur. Wurin da take mai mashaya a garin Mos Eisley, sojojin daula sun sa dokar hana fita tana lallashin kwastomomi da waƙa su tashi su tafi, gsky ya taɓa ni. Ita kaɗai ta ɗauki aikin da gaske.

Ɗan Sabongari: Hajiya wannan kam na yarda. Amma Harrison Ford fa, fuskarsa kamar an zo karɓar bashi.

Malam Na Kyamara: Ni abin da ban yarda da shi ba a maganarka Mai Editin, kana auna shi da idon yau. A 1978 fim ɗaya kacal ake da shi, ana tsoron kar mutane su manta kafin na biyu ya fito, kuma irin shirin nan na waƙa da barkwanci shi ke tashe a talabijin ɗin Amurka lokacin. Ba hauka ba ne a yarda da tayin.

Mai Editin: Malam ban ce kar ya yarda ba, cewa na yi da ya sa C-3PO, mutum-mutumin nan mai tafinta, ya zauna a gidan tun farko yana fassara gurnanin da rabin matsalar ta kau.

Anti Babba: Rabin kuma da ya rage? Wa zai fassara mana waƙar da Carrie Fisher ta rera a ƙarshe su Chewbacca na tsaye cikin jajayen riguna?

Ɗan Sabongari: Anti kin kai har nan? Ni a wurin girkin na kashe data.