Neman Hausar régression da bisect, darasi na ran Litinin ne

Malam Habu: Salamu alaikum ƴan uwa. Ran Litinin zan koya ma yaran da muke horarwa nan Birni yadda ake gano inda program ya fara nawa, wato ya rage sauri, a cikin Git, abin da masu rubuta program ke adana tarihin gyare-gyarensu da shi, kuma na yi musu alkawari da Hausa za a yi. Commit, wato kowane gyaran da aka adana, na sa mishi ajiya, branche reshe, waɗannan ba gardama. Inda na cije shi ne régression, abu na gudu lafiya lau sai wani gyara ya shigo ya lalata shi, sai kuma bisect. Gobe nake son buga takardun, ku taimaka don Allah.

Hadiza: koma-baya mana Malam. bisect kuma raba-biyu tunda aikinshi kenan, ka nuna mishi ajiya mai kyau da wadda ta lalace shi ya ɗauko ta tsakiya ka gwada ya yar da rabi ya sake ɗauko tsakiyar abin da ya rage, ajiya 1000 gwaji wajen 10 ya ishe ka.

Alhaji Mamman: Ɗiyata raba-biyu lissafi ne kawai, bai faɗi abin da ake nema ba. Ni bin-sawu nake ce mishi, kamar mai neman saniyar da ta ɓace, yana bi har ya iske inda ta bar garke.

Hadiza: Baba ai mai bin sawu taki ɗaya ɗaya yake bi, shi ko wannan tsallake yake, amfaninshi ma kenan. In yaro ya ji bin-sawu zai zauna yana gwada ajiya 1000 bi da bi.

Sani: ni abin da ya dame ni program da kuka rubuta. Manhaja ake cewa, haka ake ji a rediyo, Kano an daɗe da gama wannan.

Alhaji Mamman: Sai Kano ta yanke mu bi? Damagaram ba yau ta fara Hausa ba. Tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa a Nijar, yanzu ne lokacin da ya kamata mu fidda namu kalmomin, ba mu yi ta aro ba.

Sani: Alhaji wallahi ba raini ba ne, amma yaron nan gobe da ƴan Kano da Katsina zai yi aiki, in kowa da tashi kalma wa zai gane wani?

Isufu: ku dawo kan darasin don Allah. Malam, Git ɗin kanshi ya yarda ka canza good da bad, kalmomin da ake buga mishi don nuna ajiya mai kyau da wadda ta lalace, ka buga git bisect start --term-old sauri --term-new nawa, daga nan git bisect sauri ko git bisect nawa za su riƙa bugawa. Kuma ka gaya musu kada su auna gudu sau ɗaya su yanke hukunci, inji kan yi nauyi don wani dalili daban, su ma masu Git suna da wurin gwajin gudu, t/perf, inda ake maimaita awon.

Malam Habu: Madalla Isufu, sauri da nawa sun shiga. Na ɗauki raba-biyu. Koma-baya shi kaɗai ya yi faɗi, zan sa koma-bayan gudu in maganar nawa ce. Manhaja kuma sai na ji bakin yaran tukuna.

Alhaji Mamman: To. Ni dai a bakina bin-sawu ne. Ka turo min takardar in duba kafin ka buga.