Lauya ya ce zai ɗauki kashi 25 na kuɗin nakasa, mu sa hannu?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni ina Bronx ne a nan Amurka. Maigidana ya yi shekaru yana ɗaukar kaya a wani sito, sai shanyewar ɓarin jiki ta same shi. Yanzu kofin shayi ma ba ya iya riƙewa da hannun dama, maɓallin rigarsa ni nake ɗaura masa. Mun nemi kuɗin nakasa na gwamnati aka ƙi, muka nemi a sake dubawa, aka sake ƙi. Wani lauya ya ce zai tsaya mana gaban alƙali, ba za mu ba shi ko sisi yanzu ba, amma in an ci zai ɗauki kashi 25. Wallahi gabana ya faɗi. Kuɗin da za mu ci abinci da biyan haya ne za a riƙa yanka duk wata? Don Allah ku ba ni shawara.

Wani ɗan uwa daga Houston: Wa'alaikumus salam, Allah Ya ba shi lafiya. Ki kwantar da hankalinki, Hajiya, ba duk wata ba ne. Sau ɗaya ake cirewa, daga kuɗin baya da suka taru kafin a amince. Kuma akwai iyaka: kashi 25 ko dala 9,200, duk wanda ya fi ƙanƙanta. Da 7,200 ne, aka ƙara a ƙarshen Nuwamban 2024. Misali in kuɗin bayan dala 20,000 ne, lauya zai samu 5,000. In 40,000 ne, a 9,200 zai tsaya. Sai hukumar Social Security, wadda ke kula da kuɗin nakasa, ta amince da yarjejeniyarku da lauyan, kuma ita ke cirewa ta biya shi. In ba a ci ba, ba shi da kuɗin aiki.

Wata 'yar uwa daga Bronx: Yaya, abin da ba a faɗa min ba lokacin ƙarar mahaifiyata shi ne kuɗin karɓo takardun asibiti. Wannan daban yake, kuma wasu lauyoyin suna cajinsa ko an ci ko ba a ci ba. Ki sa ya nuna miki inda aka rubuta shi. Ki tambaya kuma, in ƙarar ta wuce alƙalin farko, iyakar nan tana nan? Wasu yarjejeniyoyin suna cire ta a can.

Baba daga Greensboro: 'Yata, kafin komai duba kwanan watan da ke jikin wasiƙar ƙin. Kwana 60 kawai kuke da shi na ɗaukaka ƙara. Kada shawarar lauya ta cinye muku lokacin. Ki nemi tafintan Hausa ranar zama, kyauta ne.

Mai tambaya: Na gode, Allah Ya saka da alheri. Na duba wasiƙar, saura kwana 19. Gobe da safe zan kira shi.