Neman kalma: me za mu kira "setting" idan an mayar da katun ɗin Avatar wasan zaman tebur?

Ɗan Gwale

Assalamu alaikum. Kalma ɗaya nake nema, amma bari in yi ɗan bayani saboda waɗanda ba su san wasan ba.

Akwai wasan da Turawa ke kira "tabletop role-playing game". Mutum huɗu zuwa shida ne ke zama wuri ɗaya, kowa ya ƙirƙiri wani mutum ya riƙa magana da yanke shawara da yawunsa. Mutum ɗaya kuma ya riƙe duk sauran abin da ya rage: shi ke faɗin abin da aka gani, shi ke magana da bakin mai gadi da ɗan kasuwa da abokin gaba. In aka zo kan abin da ba a san yadda zai kaya ba, sai a jefa ɗan lido. Ba a sa kuɗi, ba wanda ke cin wani, don haka ba caca ba ce. Dungeons & Dragons ne ya buɗe wannan hanya a 1974.

Misalin da ke gabana shi ne Avatar: The Last Airbender, katun ɗin da tashar Nickelodeon ta nuna daga 2005 zuwa 2008, kashi 61. Kamfanin Magpie Games na Amurka ya mayar da shi wasa mai suna Avatar Legends, bayan ya tara sama da dala miliyan 9 a shafin tara kuɗi na Kickstarter a 2021. A katun ɗin, wasu mutane na iya sarrafa ruwa ko ƙasa ko wuta ko iska, mutum ɗaya kuma, wato Avatar, shi kaɗai ke iya sarrafa dukansu; jarumin labarin shi ne Avatar Aang, mai sarrafa iska na ƙarshe. Abin da suka ciro daga katun ɗin shi ne ƙasashensa huɗu, da zamunnansu, da ƙa'idojin ruwa da ƙasa da wuta da iska, da rigingimun da suka rage ba a kashe ba. Wannan dunƙulen shi ake kira "setting". Na ga wasu na rubuta "saiti", amma saiti a bakinmu na waya ne ko na kujeru. Me ya dace?

Bazazzagiya

Wa alaikumus salam. Ni "duniya" zan ce, Malam. Duniyar Avatar. Yaro ma zai gane, kuma ta ɗauke taswira da tarihi da al'adu gaba ɗaya.

Na-Maraɗi

Masu wasan da Faransanci ma "univers" suke yawan cewa, ka ga ta zo ɗaya da ta Malama. Ba ni da ja a kan daɗinta a kunne. Jana a kan aikinta ne lokacin wasa.

Duniyar Avatar ɗaya ce, amma littafin wasan ya raba ta zamani biyar, kuma ba a fara komai sai an zaɓi ɗaya: zamanin Kyoshi, zamanin Roku, Yaƙin Shekara Ɗari, zamanin Aang, da zamanin Korra (Kyoshi da Roku da Korra kowannensu Avatar ne na zamaninsa). Zaɓin nan yana sauya abin da ɗan wasa zai iya zama. A lokacin yaƙin, Ƙasar Wuta ta riga ta shafe Makiyayan Iska, Aang kuma yana daskare a cikin ƙanƙara. Duk wanda ya ce zai yi mai sarrafa iska a wannan zamani ya rushe ginshiƙin labarin, tunda sunan katun ɗin ma cewa ya yi saura mutum ɗaya. A zamanin Korra, shekara 70 bayan yaƙin, akwai motoci da rediyo da 'yan sanda masu sarrafa ƙarfe a Republic City. A zamanin Roku kuwa babu mai sarrafa ƙarfe ko ɗaya, domin Toph, abokiyar tafiyar Aang, ce ta ƙirƙiro shi daga baya.

To idan na ce wa abokan wasa "a duniyar Avatar za mu yi", ban faɗa musu komai ba tukuna. Muna bukatar kalmar da ta fi duniya ƙanƙanta.

Malamin Adabi

A nazarin ƙagaggun labarai mukan ce "wuri da lokaci", wasu kuma su ce "bigire". Dukansu daidai ne ga labarin da aka riga aka rubuta, inda marubuci ya ajiye mutanensa a wuri ya gama da su. Ga wasa kam ba su isa ba, saboda bigire wuri ne kawai, bai nuna ana jiran wani ya shigo ya yi wani abu ba.

Shawarata ita ce "fage". Ku duba yadda muke amfani da ita: fagen dambe, fagen kokawa, fagen fama. Fage wuri ne da aka share, aka san iyakarsa, aka san ƙa'idarsa, amma ba a san wa zai yi kaye ba sai an shiga. Abin da mai mayar da katun wasa yake ginawa ke nan. Jam'inta ma a shirye take: duniya ɗaya, fagage biyar.

Akwai ƙarin riba. Zaman farko da ake yi kafin wasa, wanda ake tsara komai a cikinsa, yana da suna tuni a Hausa: share fage.

Bazazzagiya

Na karɓi fage, Malam, amma kada a jefar da duniya. A bar ta ga babban abin, fage ga yankin da aka yanka daga cikinta. Kuma tunda an ambaci share fage, bari in faɗi abin da ake yi a ciki, don a ga ko kalmar za ta iya ɗaukar kayan.

A Avatar Legends abu huɗu ake yankewa, kowa da bakinsa a ciki. Zamani, wanda Yaya Na-Maraɗi ya yi bayani. Sai faɗin wurin da labarin zai zagaya. Sai abin da ya haɗa ƙungiyar, wanda ake faɗa da aikatau guda: karewa, ko cetowa, ko kai wani abu wani wuri, ko kayar da wani, ko sauya wani hali, ko neman sani. Sai kuma abin da ya fara haɗa su, wanda ake tsarawa cikin matakai uku kamar kashin farko na katun, a ɗauka ya riga ya faru.

Na biyun nan, wato faɗin wuri, shi ne ke kayar da sababbi. Sai ka ji an ce "duk ƙasashen huɗu", saboda Aang da abokansa sun zagaye su. Su suna da Appa, dabbar hawansu mai tashi sama, da marubuta da kashi 61. Teburin da ke zama awa uku a mako, in ya bi wannan hanya, kowane zama sai an ƙirƙiro sabon gari da sababbin mutane, ba wanda ake sake gani, don haka abin da 'yan wasa suka aikata ba ya dawo musu. Wasan sai ya yi lami.

Gwada wannan a madadinsa: birnin Ba Sing Se, babban birnin ƙasar masu sarrafa ƙasa, shekarun ƙarshe na yaƙi, unguwar talakawa ta zoben ƙasa. 'Yan gudun hijira na kwararowa ta jirgin ruwa, kowa na neman takardar shiga. Jami'an Dai Li, 'yan sandan ciki na birnin, sun hana a ambaci yaƙi a cikin ganuwa. Ganuwa ta raba talaka da mai hali, mai hali da fada. Ka sa mai shagon shayi ɗaya, jami'in takardu ɗaya mai karɓar na goro, da wata uwa da aka ɗauke ɗanta bayan ya yi maganar yaƙi a kasuwa. Ƙungiyar ta ce aikinta cetowa ne. Mutum uku da unguwa ɗaya sun isa zama biyar ko shida, kuma ba a taɓa hanyar Aang ba ko kaɗan.

Ɗan Gwale

Madalla. Fage ta zauna mini. To jaruman katun ɗin fa, ina matsayinsu a fage?

Na-Maraɗi

A gefe, ƙanena. Wasan bai yarda ɗan wasa ya zama Avatar ba, kuma dalilin a fili yake: mutum ɗaya mai abubuwa huɗu a hannunsa zai mayar da sauran 'yan rakiya. Jarumai irin su Katara da Toph da dattijo Iroh suna nan a matsayin manyan da za a iya haɗuwa da su, a koyi wata dabara a wurinsu. Kuskuren da aka fi yi shi ne a kawo su su warware matsala. Da zarar Iroh ya shigo ya kori sojoji, 'yan wasa sun koyi cewa jira ya fi motsi. In za a kawo shi, a kawo shi da tambaya ko da bukata, ya sha shayi ya tafi.

Matsala ta biyu ita ce ɗan wasan da ya haddace katun ɗin, yana tsayar da zama don gyaran tarihi. Maganinta a ranar share fage ne: a rubuta abubuwa uku ko huɗu da ba za su sauya ba, misali Ba Sing Se ba za ta faɗi kafin lokacinta ba. Abin da ba a rubuta ba, na tebur ne.

Malamin Adabi

Tunda muna kai, a gyara wata. Na ga ana fassara "bending" da lanƙwasa. Lanƙwasa aikin maƙeri ne da ƙarfe, ba a lanƙwasa iska. "Sarrafa" da kuke ta faɗi tun ɗazu ba tare da kun yi shawara ba ita ce daidai: mai sarrafa ruwa, mai sarrafa wuta. Kuma a guji "tsafi" da "sihiri". A katun ɗin horo ne na jiki da aka ɗauko daga salon faɗan Sin, na ruwa daga Tai Chi, na ƙasa daga Hung Gar. Kiransa tsafi kuskure ne a ma'ana, kuma zai sa iyaye su hana yara zama a banza.

Bazazzagiya

Wannan ya taɓo wurin da masu gina nasu wasan suka fi ɓata lokaci. Sukan zauna su jera dabarun sarrafawa ɗari, kowace da nisanta da yawan ɓarnarta, irin jerin Dungeons & Dragons. Katun ɗin ba haka yake tafiya ba. Zuko, yariman Ƙasar Wuta, bai fi ƙarfi ba don ya ƙara maki, wutarsa ta sauya ne lokacin da dalilinsa ya sauya.

Shi ya sa Magpie suka ɗora wasan a kan tsarin wani wasan tebur mai suna Apocalypse World na 2010. Ɗan lido biyu ake jefawa, a haɗa, a ƙara makin hali. Halayen huɗu ne: ƙirƙira, natsuwa, jituwa, da zafin zuciya. In jimla ta kai 10 ko sama, an samu abin da ake so. Daga 7 zuwa 9, an samu amma da tsada. Daga 6 zuwa ƙasa, mai riƙe da wasa ne zai faɗi abin da ya biyo baya. Lissafinsa: ɗan lido biyu na iya ba da haɗi iri 36. Ba tare da ƙarin maki ba, 6 ne ke ba da cikakkiyar nasara, 15 nasara mai tsada, 15 faɗuwa. Da ƙarin maki 2, faɗuwa ta koma 6, cikakkiyar nasara ta hau 15. Ka ga maki ɗaya ba ƙaramin abu ba ne a nan. Wanda ya riƙa rabon ƙarin maki saboda "ai wutata ta fi girma" zai wayi gari ba mai faɗuwa a teburinsa, alhali daga faɗuwa da nasara mai tsada labarin ke samun juyi.

A madadin makin jini da wasu wasanni ke ƙirga lafiyar ɗan wasa da shi, akwai gidajen gajiya 5 da damuwoyi 5: tsoro, fushi, jin laifi, rashin yarda da kai, da dagulewar zuciya. Kowace damuwa na rage maki a wasu ayyuka har sai an yi abin da zai sauke ta. Sannan kowane ɗan wasa na tsakanin aƙidu biyu masu jan sa. Ɗaya, alal misali, yana tsakanin al'adar gidansu da ci gaba, wani tsakanin ƙarfi da kulawa. Wannan "ma'auni" zan kira shi. In ya rinjaya gefe ɗaya har ya wuce iyaka, a ce ma'auninsa ya kife, ya aikata abin da zai yi nadama ko ya bar wurin.

Ɗan Gwale

Saura biyu. Mai riƙe da wasan, da sunan wasan kansa. Na so in ce alƙali.

Na-Maraɗi

Alƙali na tsakanin masu jayayya ne, kuma sunan zai sa sabon mai riƙewa ya ɗauka aikinsa hukunci ne. "Mai ba da labari" ta fi muni, domin ita ce cutar da muke gudu: mutum ya zo da labarinsa a rubuce, sauran su zama masu cewa "ta zo mu ji ta". Ni madugu nake so. Ya san hanya da rijiyoyi da inda 'yan fashi suke, amma kayan da ke ayarin na fatake ne. Daga nan sauran kalmomin sun biyo da kansu: dogon wasan da ake ci gaba da shi mako-mako "tafiya", zama ɗaya kuma "zango".

Malamin Adabi

Madugu ta yi, da sharaɗi ɗaya da ya kamata a rubuta a bayanin ƙa'ida: a wannan wasa ayari ne ke zaɓar inda za a nufa. In ba a faɗa ba, sunan zai ba shi ikon da wasan bai ba shi ba.

Sunan wasan kuwa, "wasan kwaikwayo" an riga an ba dirama, duk wanda ya ji zai tambayi ina 'yan kallo. Muna da wasannin ɗaukar matsayin wani tun da, irin wasan gauta da ake kwaikwayon sarki da fadawansa, da kalankuwa inda samari ke naɗa wa junansu muƙamai, amma kowanne sunan abinsa ne, ba za a ara ba. Ina ganin "wasan shiga riga". Takardar da ɗan wasa ke zaɓa, mai ɗauke da halinsa da aƙidunsa biyu, sai ta zama "riga". Littafin farko na da guda 10.

Bazazzagiya

Shiga rigar wani na da ɗan warin yaudara, Malam, kamar a ce ya shiga rigar malamai. Amma da "wasa" a gabanta warin ya tafi, kuma ba ni da wadda ta fi ta. Abu ɗaya dai ga duk madugun da zai raba riguna: kada mutum biyu su ɗauki iri ɗaya a tebur guda. Ana iya samun masu sarrafa ƙasa uku a ayari ba matsala, tunda sarrafawa daban take da riga. Amma in biyu suka zo da ma'auni iri ɗaya, duk tambayar da fage ya jefo wa na farko ita zai jefo wa na biyu, ɗayansu kuma zai zauna yana maimaita amsar ɗan'uwansa har a tashi zango.